Marin da Na Yi wa Bilkisu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Bilkisu, 'yar ƙanena. Ni ba na lissafi da kalanda. Na dai san bayan auren autata ne da wata biyu, kafin annobar da ta rufe mana hanyar Guangzhou.

Ita ce tafintata a unguwar Xiaobei ta Guangzhou in na je sarin leshi. Kullum da littafi a jakarta, irin waɗanda matan zamani suka ɗauko tsofaffin labaran yaƙin Girkawa suka sa su a bakin matan da aka kama. Muna ɗaure kaya a kasuwar Tianxiu take juya min su da Hausa: an ƙone birni, an jefo jariri daga kan ganuwa, an raba mata kamar awaki.

Ran nan na ce mata ai mu ma muna da namu. Na gyara zama na kawo labarin kakana har da kirarinsa, yadda ya cinna wa wani gari wuta, ya datse kan mai garin, ya jawo matarsa da igiya a wuya. Matar nan ita ce Iya, wadda ta haifi ubana.

Bilkisu ta ce, "Gwaggo, ita Iya me ta ce da aka yanka mijinta a gabanta?"

Na zabga mata mari. Leɓenta ya fashe, jini ya ɗiga a farin leshi. A gidanmu labarin kakanni yadda aka ba ka haka kake bayarwa, ba ragi ba ƙari, kuma ba a taɓa kushe bakina ba. Sati uku bayan nan zazzaɓi ya ɗauke ta, ina ta jira ita ta fara ba ni haƙuri.

Da tana nan yau, da ta ji na canza. Har yanzu ina yin kirarin, amma ina faɗin abin da idona ya gani ina yarinya: tabon da ya zagaye wuyan Iya, da yadda duk ranar layya take shigewa ɗaki ta toshe kunnuwa har a gama feɗe rago, ba ta kuma cin naman. Jikokin kakana maza sun daina gaishe ni saboda wannan. Su sha zamansu. Allah Ya jiƙan Bilkisu, ita ta jawo.

Cikin waɗanda suka ga Iya da ido, saura ni da yayata Ladi a Gwarzo. Ladi ta makance, amma ta aiko min cewa kada in rage komai.