Tarun da Aka Raba Biyu

Na daɗe ina juya wannan magana kafin na yarda in rubuta ta. Karatuna bai wuce elementare ba, ina kuma tsoron in faɗi abin da ba haka ya faru ba, in ɗauki alhakin wani. Amma ƙarfina yana raguwa, ga kuma kayan mutane a ɗakina.

Bayan samun mulkin kai, ni ne mai kula da filin ƙwallo na garinmu Haɗeja. Fili ne a bakin fadama, ba katanga, sai zana da muke kewayawa idan akwai babban wasa. Da damina ruwa ya kwanta a kai, da rani ƙasa ta tsage. Aikina cike tsaga, korar awaki, da zana layi da toka.

Wata shekara, bayan ruwa ya ja, aka ce 'yan wasa za su zo daga Nijar, wadda a lokacin muke ce wa Faransa. Ba mu taɓa karɓar baƙi daga wata ƙasa ba. Shugaban kwamitin wasanni ya ce abin kunya ne su tarar da sandunan gola tsirara, ba raga. An aika Kano a sayo, shiru. Na kasa cin abinci.

Sai na tuna da wani masunci, dattijo daga wajen Guri, da ke shanya tarunsa kusa da filin. Taru babbar raga ce da mutane da yawa ke ja, shi kuma da hannunsa ya saƙa nasa. Na je na tsuguna, na faɗi buƙatata.

Ya yi dariya. “Sarkin fili, kifi ya ƙare ne za ka koma kamun ƙwallo?”

“Baba, yini ɗaya ne. Zan dawo maka da shi yadda ka ba ni.”

“To. Amma ka sani an kusa buɗe su, wato lokacin da ake sakin ruwa kowa ya shiga kamun kifi. Wanda ba ya da taru a lokacin, sai dai ya ci ƙamshi har baɗi.”

Na samu alkawarin taru na biyu a wajen wani mutumin Auyo. Ranar wasa da safe ya aiko cewa ya fasa. Na tafi neman wani a cikin gari, ban samu ba. Ko da na dawo, shugaban kwamiti ya sa an raba na dattijon biyu da wuƙa, an rataya kowane rabi a gola ɗaya.

Na ce, “Ranka ya daɗe, aro ne fa.”

Ya ce, “Gola biyu ce, malam. Ko so kake baƙi su ce ba mu san lissafi ba? Ai zare ne, a ƙulle shi.”

Ban ga wasan ba, ko da yake ina tsaye a bakin layi. Duk ƙwallon da ta daki ragar, sai in kawar da kai. Zaren auduga ne, an saƙa shi don ruwa. Kafin a tashi ya yage a wurare da dama, yara kuma da suka riƙa lilo da shi ta baya suka ƙarasa shi.

Dattijon ya zo bayan jama'a sun watse. Ya shafa bakin da aka yanka, ya daɗe yana dubawa.

“An ci su dai ko?”

Na ce kunnen doki aka yi.

“Ashe ko kifin ba a kama ba.”

Bai yi faɗa ba. Ya ce gyaran zai kai bayan an rufe lokacin su. Ya naɗe rabin da ya fi dama-dama, ya ce in ajiye ɗayan zai aiko. Na kai kuka wurin kwamiti sau da yawa a biya shi tarunsa, kullum sai a ce a bari zama na gaba. A shekarar na gan shi yana jan tarun wasu, a ba shi ɗan kaso kamar baƙo. Daga baya fari ya zo, kogin ya ragu, aka ce ya kwashe iyalinsa sun yi gabas, wajen Tafkin Chadi. Bai aiko ba.

Rabin yana cikin buhu a ɗakina. Nakan fito da shi ya sha iska saboda gara. Na san ba zai ƙara kama kifi ba, amma ba nawa ba ne.

Ban san sunansa ba, Baba kawai nake ce masa. Mutumin dogo ne, yana da tabon ƙaya a tafin hannun hagu, yana kuma jin Barbarci. Yana da 'ya'ya maza biyu a lokacin. Duk wanda ya san inda suka sauka, ko ya taɓa jin wannan labari a gidansu, don Allah ya aiko mini ta hannun masu buga wannan rubutu. Ko kabarinsa ne, ina so in san garin.