Makulli na Uku na Inna Hajjo

Kowace safiya, da ta idar da sallah, Inna Hajjo takan ɗauki sandarta ta zaga ƙauyenmu da ke karkarar Gangara, a ƙasar Damargu. Ba gaisuwa kaɗai ke fitar da ita ba, turame take saurare. Gidan da taɓaryarsa ta yi shiru kwana biyu a jere, ta san rumbunsa ya ƙare, ko da maigidan ya fito da babbar riga yana fara'a.

Shekara goma sha tara ke nan tana cikin kwamitin bankin hatsinmu, mace ɗaya cikin maza shida. Da farko sunanta kawai ake so, don waɗanda suka gina mana magaza, wato ɗakin ajiyar hatsin, sun ce dole a sa mace. Aka sa wa ƙofar kwaɗo uku, aka miƙa mata makulli na uku ana murmushi. Ta ƙulle shi a bakin zanenta.

Wata shekara gero ya yi tsada tun kafin shuka ta kai gwiwa. Wani ɗan kasuwa ya turo mota. Shugaban kwamiti, Malam Almustafa, wanda yayanta ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya ce a sayar, a sake cika magaza da kaka. Hannu shida suka tashi.

"Yaya," in ji ta, "turmi goma sha ɗaya ne suka yi shiru a unguwar gabas. Wayarka ta gaya maka wannan?"

"Hajjo, zama aka kawo ki yi, ba hukunci ba. Kawo makullin."

"Ku fasa ƙofar, kowa ya gani. Ni dai ba da hannuna ba."

Kwana uku motar tana jira, ta koma wayam. Ruwa ya ɗauke a tsakiyar damina, kuma geron nan ne ya riƙe mu har abin da ya tsira ya nuna. Tun daga lokacin kwamiti bai ƙara yanke shawara ba sai an juyo an tambaye ta: "Inna, turmi nawa?"

Amma Malam Almustafa bai sake taka zaurenta ba. Ya ce ta kunyata shi gaban maza. Bayan shekara biyu ya rasu, a bakin maƙwabta ta ji. Na taɓa tambayarta ko ta yi nadama. Ta daɗe tana murza bakin zanen nan.

"Makullin dai ba zan bayar ba, ɗana. Amma da na je na durƙusa masa ko sau ɗaya."

Inna, ke ce kunnen da kwamitinmu ba shi da shi. Ke ce kika rasa ɗan'uwa don 'ya'yan wasu su ci tuwo, kuma mu da muka ci ba mu taɓa zuwa mun ce sannu ba. Ki yafe mana. Mun gode, Allah ya saka miki, ya jiƙan yayanki.

Yanzu idonta ya yi rauni, ranar Asabar za ta sauka daga kwamiti. Ana ta cewa a cire kwaɗo na uku, tunda ba macen da ta fito ta gaje ta. Maƙwabciyarta Rukaiya ta faɗa mata gaskiya: "Inna, wa zai so abin da aka yi miki?"

Matan Damargu, ku da kuka san kowane turmi da muryarsa, makullin yana nan a bakin zanenta. Ta ce namiji ba zai kwance shi ba. Ranar Asabar za ta zauna a kan tabarma, ta miƙa hannu, ta jira.