Ƙirjin Saniya na Boeta Sedick

A unguwar Salt River, idan ka ce Sedick Jappie ba kowa zai gane ba, amma da ka ce Boeta Sedick na layin masallaci za a nuna maka gidansa, ɗan ƙarami mai koren fenti. Boeta ɗin nan, wato Yaya, har waɗanda suka girme shi haka suke kiransa. Gajere ne mai kaurin gashin baki, ya ƙare ƙuruciyarsa yana yankan yadi a wata masana'antar ɗinki har ya yi ritaya. Ba shi da abokin faɗa. Aibinsa ɗaya, ba ya ƙaunar a yabi girkin wani a gabansa.

Ba da girki ya tashi ba. Matarsa Rugaya ta rasu ta bar masa 'ya ɗaya, Shamiela, tana 'yar firamare. Dangi suka yi masa ca, wai a ba gwaggonta ta riƙe ta, ya ce sam, 'yarsa ba inda za ta. Ya koyi taje gashi, ya koyi wanki da guga. Lahadi ce ta fi ba shi wuya, domin a unguwar nan komai talaucin gida, ranar Lahadi sai an ga gasasshen nama a tsakiyar tebur, ga shinkafa mai kurkur da zabibi, ga dankali da kabewa. Na farko da ya gasa ya fito kamar tafin takalmi. Yarinyar ta yi ta tauna har muƙamuƙinta ya gaji, ta ƙi tofarwa don kada ya ji kunya. Shi ne ya miƙa hannu ya janye farantin, ya soya mata ƙwai.

Ƙarfinsa bai kai tsokar da masu hali ke saya ba, sai ƙirji, mai jijiya da kitse, wanda mahauta ke turawa ƙarshen tebur. Da shi ya yi ta fama har ya gane kansa. Tun ranar Asabar yake huda shi da bakin wuƙa, ya cusa tafarnuwa da kanumfari, ya mulke shi da gishiri da masoro. Bayan sallar asuba ya soya bayansa a tukunyar ƙarfe har ya yi ja, ya shimfiɗa masa albasa a ƙasa, ya tsiyaya ɗan ruwa, ya rufe, ya tura cikin tanderu da wuta ƙasa-ƙasa. Ba ya ɗaga murfin sai rana ta take, sannan ya jefa dankali cikin romon. In ya fito, da cokali ake yanka shi. Maƙwabta suka fara aiko kwano. Boeta Sedick ya saba da jin sunansa haɗe da naman nan, har ya zame masa kamar sarauta.

Shamiela ta girma ta auri Fagmie, mai gyaran wutar lantarki, yaro mai kunya. Suka tare a ɗakin baya na gidan uwarsa, Anti Koelsum, a Grassy Park. Ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa. Doguwa ce mai murya kamar ta mai shela, ba ta iya magana a hankali ko a gidan makoki. Da farko duk Lahadi ma'auratan suna Salt River. Daga baya aka koma wannan mako nan, wancan can. Boeta Sedick ya haɗiye, ya ce ai haka aure yake.

Wata Lahadi suna cikin ci, Shamiela ta ce, "Baba, ka san na koya wa Mama irin gashin nan naka?"

Ya ajiye cokali. "Wace Mama?"

"Maman Fagmie mana. Kuma ta ƙara wani abu a ciki, wallahi in ka ci sai kunnenka ya motsa. Ko ba haka ba, Fagmie?"

Fagmie ya sunkuyar da kai yana ta juya dankali a faranti kamar an ba shi aiki.

"To, madalla," in ji Boeta Sedick. "Ashe shekarun nan da yunwa na raine ki. Allah ya saka wa Mama da alheri."

"Haba Baba, ni ba haka na ce ba."

"Ci abincinki, tun bai huce ya ƙara lalacewa ba."

Bai san wanne ya fi yi masa ciwo ba, naman ko Mama ɗin. Tun ranar duk gayyatar da aka aiko daga Grassy Park sai ya sami hanzari: yau gwiwa, gobe mura, jibi taron kwamitin masallaci. Labarin kuwa ya ƙi barinsa. A wata walimar aure yana zaune kusa da labulen mata, ya ji wata tana cewa, "Ke, kin taɓa cin ƙirjin Anti Koelsum? Ai ba a taɓa yin irinsa ba." Shayin da ke hannunsa ya koma masa kamar maɗaci. Naman da ya kwana ya tashi a kansa tun 'yarsa tana famfarar haƙori, wai yau ya zama na Anti Koelsum.

Ya je wurin Gasant mahauci, inda ya san Anti Koelsum ma can take saye, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi kasuwa, sannan ya ce, "Matar nan ta Grassy Park, ina jin mai tsada kake yanka mata ko?"

Gasant ya tuntsure da dariya. "Boeta, saniya ɗaya ce, ƙirji ɗaya. Naka ma na fi zaɓa. Kai dai ka ce kishi ke cinka."

"Ni? Kishi da wa? Ɗaure min namana in tafi."

Ranar ƙaramar Sallah hanzari ya ƙare, dole ya je. Anti Koelsum ta tarbe shi tun daga ƙofa da ihu, "Yau ga sarkin tanderu a gidana! Allah ya sa kada mu ji kunya." Ta zaunar da shi a kan tebur, ta yanko masa da hannunta. Ya kai loma yana addu'ar ya tarar da shi da tauri. Bai tarar ba. Tafarnuwarsa ce, kanumfarinsa ne, amma can ƙarƙashi akwai wani ɗan tsami-tsami da ya kashe maiƙon ya sa baki neman ƙari. Tsamiya. Abin da ke cikin kabad ɗinsa kullum, bai taɓa tunanin sawa ba.

"Yaya ka ji, Boeta?"

"Ba laifi. Ya dahu."

"Ya dahu!" Ta juya ga jama'a. "Kun ji, wai ya dahu. To, mun gode Allah da ba ɗanye muka ba ka ba."

Ya ƙi ƙari, ya ce likita ya hana shi, alhali idonsa na kan tukunyar har aka kwashe.

Da ya koma gida ya gwada a ɓoye. Na farko ya cika tsamiya har haƙoransa suka mutu. Na biyu ya yi daidai, ya fi duk wanda ya taɓa gasawa. Ya tsaya a kansa yana huci. Ba dama ya ba maƙwabta, domin kafin la'asar labari zai kai Grassy Park cewa Boeta ya kwaikwayi Anti Koelsum. Shi kaɗai ya yi ta cin abinsa har mako ya zagayo. Ranar da Shamiela ta zo kuwa, tsohon samfurinsa ya ajiye mata, ya kafe ta da ido yana ƙirga lomarta.

Haka aka yi ta tafiya har sanyin ƙashi ya kama hannuwan Anti Koelsum. Wata Lahadi tukunyar ta suɓuce mata a bakin tanderu, romo ya malale, Allah ya tsare bai ƙona ta ba. Ba ta aiko kowa ba, ita da kanta ta bugo masa waya.

"Boeta, hannuna ya ƙi. Shamiela ga ciki ya tsufa, Fagmie kuwa ko ruwan zafi sai ya ƙona. Ka zo ka ɗaga min tukunya."

Wani daɗi ya ratsa shi, har ya ji kunyar kansa ya yi istigfari. "To ai sai ku taho nan, in gasa muku na ainihi."

"Mu goma sha? A wannan akurkin naka? Ka zo nan dai."

Lahadin da ta biyo baya ya yi sammako, ya je da wuƙarsa naɗe a tsumma. Ya tarar ta sa an ajiye mata kujera a tsakiyar kicin, ta harɗe.

"Ka rage gishirin nan."

"Tun kafin ki san ƙirji ana gasa shi nake sa gishiri haka."

"Shi ya sa 'yarka ta gudo wurina. Miƙo tsamiyar can."

"Ba na sa tsamiya."

"Au? To wa ya sayi ƙulli biyu a shagon Bahiya? Ko wanka kake yi da ita?"

Gashin bakinsa ya yi rawa. Ya jawo kwanon ya jiƙa, ya tace, ya zuba daidai gwargwado ba tare da ya tambaye ta ko nawa ba. Ta gani, ta yi murmushi, ta bar shi.

Da aka zauna ci, gida cike da 'ya'ya da surukai, babbar 'yarta ta lumshe ido ta ce, "Mama, na yau ya fi na kullum. Hannunki akwai albarka."

"Alhamdu lillahi," in ji Anti Koelsum, ko kunya babu.

Boeta Sedick ya jira ta gyara zancen. Ba ta gyara ba, sai ma ta ƙara romo a shinkafarta. Ya miƙe tsaye, tsummar kicin a kafaɗa.

"Wane hannu? Hannun da ko cokali ba ya riƙewa? Ni na huda, ni na soya, ni na tsaya a kansa tun asuba! Ita ban da surutu me ta yi?"

Sai kowa ya fashe da dariya, har Fagmie. Shamiela ta riƙe ciki tana share hawaye.

"Zauna, Boeta," in ji Anti Koelsum. "Hannu naka, kai nawa. An taɓa yabon jaki don an ci tuwo?"

Ya rantse ba zai sake taka gidan ba. Lahadi na zagayowa aka gan shi a tashar bas da wuƙarsa a tsumma, wai don kada su ɓata nama a banza.

Shekaru ke nan yana wannan zirga-zirga. Masu son haɗa su aure sun gwada, daga shi har Anti Koelsum kowa ya ce Allah ya kiyaye. Sunan dai bai canja ba, har a Salt River yanzu ƙirjin Anti Koelsum ake cewa, shi kuma bai gaji da tare mutane a ƙofar masallaci yana gyara musu ba. Bara da Anti Koelsum ta tafi Umra aka bar masa kicin shi kaɗai, babu kujera, babu mai cewa rage ko ƙara. Naman ya yi kyau, kowa ya yaba, kuma shi aka yaba. Amma Shamiela ta ce tunda take ba ta taɓa ganin ubanta shiru a bakin tanderu kamar makonnin nan ba. Ranar da matar ta dawo, kafin ta gama raba dabino da zamzam ta ce an gaya mata ya cika kanumfari. Ya ce ƙarya ake yi masa, kuma ya san wanda ya faɗa. Suna nan suna yi har shayi ya huce.