Labulen da Ya Sauka a Idona na Dama

Assalamu alaikum ƙawayena na karatu. Wata bakwai ke nan ban ce uffan ba, har wasu sun ɗauka aure aka yi mini. Jinya ce. Kun san ni da nauyin baki, amma yau zan daure.

Tun ina shekara tara nake da ciwon suga, ban taɓa faɗa muku ba. A gindin randa muke ajiye allurata don sanyi. Na sha tsallake ta, musamman da azumi, saboda kunyar a gan ni ina cin abinci.

Bara na fara ganin baƙin ɗigo-ɗigo yana yawo a kan shafi kamar ƙudaje. Sai walƙiya a gefen ido da rana tsaka. Na yi shiru, don na san abin da Umma za ta ce.

Da na faɗa mata, shi ɗin kuwa ta ce. Wai littattafan soyayya ne suka cinye mini ido. Ta kulle su a akwati, ta karɓe waya, tana zizara mini kwalli safe da yamma. Kowa a gidan ya yarda, har ni. Muka zauna jiran ido ya huta.

Wata uku muna jira.

Wata Laraba ina wanke-wanke, wani abu kamar baƙin labule ya sauko ta saman idona na dama. Ba zafi ko kaɗan.

Daga asibitin nan Daura aka tura mu Katsina, daga can Kano. Likitar ido ta ce shimfiɗar bayan ido, wadda ke ɗaukar hoton abin da muke gani, ta ɓamɓare, sai aiki da gaggawa. Amma da ta ga kumburin ƙafata da yadda nake haki, ta sa a yi hoton zuciya. Aka ce zuciyata ta yi rauni, ba za ta ɗauki allurar barci ba.

Baba ya ce shi ido ya kawo, me ya haɗa shi da zuciya? Likita ta ce, "Alhaji, ba zan rantse ba, amma mai yiwuwa sugan ne ya taɓa su duka biyun."

Sati biyar ina kwance ana lallaɓa zuciya, labule yana ƙara sauka. Awon jini, awon fitsari, ƙwayoyi. Baba ya sayar da shanunsa biyu. Da aka zo yin aikin, lokaci ya wuce.

Na dama ya tafi. Na hagu an gasa shi da hasken na'ura don kada ya bi sahu, amma ba wanda ya yi mini alkawari. Kullum na farka sai na duba ko labulen ya fara. Mutane suna cewa na warke. An dai sallame ni.

Na gode wa Allah, da likitoci, da ku da kuka yi ta cigiyata. Don Allah, in kun ga ƙudaje ko walƙiya a ido, ku je asibiti a ranar, ko da ba zafi. Mai suga ya riƙa kai ido da zuciya awo. Kada ku tsallake allura don kunya.

Umma ta buɗe akwatin da kanta. Da yake na hagun ba ya jure dogon karatu, bayan la'asar takan zauna ta karanta mini, a hankali, tana tsallake inda bakinta ba zai iya faɗa ba. Jiya ta tsaya a tsakiyar shafi ta ce, "Hafsatu, ni na kulle miki su lokacin da kike gani."

Na ce ta ci gaba.