Gaisuwa a Bakin Raga

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga ka, akwai wata la'asar da na san ba za ta bi sahu ba. Har yau in na tuna ta ina cikin cin tuwo, sai in tsame hannu.

Garinmu ƙarami ne, a ƙasar Sandamu. Ba mu da babbar kasuwa, ba mu da kwalta, amma muna da ƙungiyar ƙwallo. Wani malamin firamare ne ya kafa ta tun muna yara, da ƙwallon tsumma da turakun dogon yaro, kuma shi ne kocinmu har furfura ta cika masa kai. A hannunsa muka ɗauko kofin ƙaramar hukuma, muka je har Daura muka kunyata masu takalman kanti. Abin da ya fi kofi a wurinmu shi ne, tun da aka kafa ƙungiyar ba a taɓa cin mu a filinmu ba. An sha yin kunnen doki, amma baƙo bai taɓa komawa gida da nasara ba. Tsohuwar da ba ta taɓa leƙa fili ba ma ta san wannan magana. Ni kuwa ni ne gola, ina tafiya ina buɗe hammata kamar ni na haƙa rijiyar garin.

Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba. Malamai suka ce gwiwa al'aura ce, muka kai wa tela wandunanmu ya ƙara musu tsawo. Ana farawa bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Duk da haka akwai malamin da bai sauko ba, yana cewa ƙwallo wasan banza ne, yana hana ɗalibansa zuwa. Wannan malami kuwa surukina ne, don ban daɗe da auren 'yarsa ba. Kun dai san kunyar suruki a wajenmu. Ko a hanya na hango shi sai in tuɓe takalmi in durƙusa, kuma ban taɓa yarda ya gan ni cikin kayan wasa ba.

Ranar nan wata ƙungiya daga wajen Mai'adua ta zo mana. Wasa ya yi zafi, babu ci, lokaci ya kusa cika. Ƙwallo tana can tsakiyar fili, sai na ji gyaran murya a bayana. Na waiga. Surukina ne tsaye a bayan raga, da rawaninsa da carbinsa, yana dubana.

Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba, jikina ne ya yi abin da ya saba. Na juya wa fili baya, na cire safar hannu, na zube ƙasa.

"Allah gafarta Malam, barka da yamma. An wuni lafiya?"

Sai na ga ya ware ido, ya ɗaga hannu da carbi yana nuna bayana. "Kai! Tashi! Ga ta nan!"

Wani ɗan wasansu ne ya hango gola a durƙushe, ya ɗaɗo ta tun daga nesa. Ba wani bugun kirki ba ne, ko yaro zai kama. Ta zo tana gangarawa a hankali, ta wuce ta gefen ƙafata, ta kwanta a raga a gaban Malam. Ihun baƙi ya cika fili. Ba a jima ba alƙalin wasa ya hura usur. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.

Na so a zage ni, da na ji sauƙi. Wani daga cikin 'yan kallo dai ya ce, "Gola, ya gida? Ya iyali?" aka bushe da dariyar takaici. Koci kuwa ya tattara ƙwallayensa a buhu kawai.

Sai daga baya na ji yadda aka yi. Ashe Koci ne ya daɗe yana bin Malam yana roƙonsa ya zo ko sau ɗaya ya ga babu alfasha a wasan, ko ya sakar wa yara mara. Malam ya zo, ya tambayi inda surukinsa yake tsayawa, ya je can don ya ƙarfafa mini gwiwa.

Washegari da hantsi Malam ya aiko a kira ni. Ya ce in biyo shi. Muka tafi har ƙofar gidan Koci, ina bayansa ina jan ƙafa. Dattijon nan da gari duka ke durƙusa wa, shi ne ya rage tsawo a gaban malamin firamare.

"Malam, na zo ba da haƙuri," in ji surukina. "Aikin shekaru na rushe maka da zuwana. Laifina ne, da na tsaya cikin jama'a."

Koci ya kama shi yana cewa, "Subhanallahi, tashi, Allah gafarta Malam," hawaye na zubo masa. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage in shige. Ƙwallon da ta shiga ba ta ƙona ni kamar wannan ba.

A hanyar komawa ya ce mini, ba tare da ya waiwayo ba, "Ɗana, wanda aka ba tsaron ƙofa ba ya gaisuwa. Ni zan jira, ƙofa ba ta jira."

Mun ci wasanni da yawa bayan nan, ɗalibansa ma sun shigo ƙungiya, amma ba mu sake cewa ba a taɓa cin mu a gida ba. Na koyi cewa ladabi ma yana da muhallinsa. In jama'a suka damƙa maka amana, riƙe ta shi ne girmama babba, in ba haka ba kai za ka yi ɓarna, shi ya durƙusa a madadinka.