Gonar Da Aka Kira Daji

Kakata ba ta jin Turanci, don haka duk inda za ta je a garin nan na Turawa ni ce kunnenta. Ba wai na iya magana ba ne, ko a aji sai malama ta ce in ɗaga murya. Amma raɗa a kunnen Kaka ba ta yi mini wuya.

Wata Asabar muka hau jirgin ƙasa daga unguwarmu ta Parkchester, ni da ita da Baba, zuwa wata majami'a. Tsofaffin ɗaliban wata ƙaramar kwalejin Baptis ta can gida ne suke taron tunawa da kafuwarta, Baba ma can ya yi karatu. Shugaban ƙungiyar ya yi masa alkawari za a ba Kaka dama ta yi magana, tunda cikin masu zuwa ita kaɗai ta ga ginin farko da idonta. Abu ɗaya take so ta faɗa a gaban jama'a: wurin da aka gina kwalejin gonar mahaifinta ce.

Na san labarin, don shi take ba ni idan tana yi mini kitso. Baturen mishan ya zo neman fili, mahaifinta ya ba shi aron gona. A al'adarsu, in ka ara wa mutum gona, ƙasar ka ara masa, itatuwa suna nan naka. Aka yi gayyar ginin kwalejin, Kirista da Musulmi da masu bin gargajiya, maza na buga tubali, 'yan mata na ɗebo ruwa daga rafi. Tulu sai da ya cinye wa Kaka gashin tsakiyar ka. Duk shekara suna shiga su kaɗo ɗorawarsu, ɗalibai na binsu suna roƙon garin. Rannan kawai suka tarar an kewaye wurin da waya, an sa maigadi.

A ɗakin ƙasa na majami'ar aka yi taron, kan kujerun ƙarfe masu sanyi. Aka haska wani tsohon hoto a bango: Bature da matarsa a zaune, ga karensu a gefe. A ƙasan hoton an rubuta sunayensu, har da na karen. Can baya wasu 'yan mata ne da tuluna a ka, fuskokinsu dishi-dishi.

Shugaba ya gyara wuyan rigarsa ya fara jawabi da Turanci. Ya ce lokacin da bayin Allah nan suka iso babu komai a wurin, ƙungurmin daji ne, sai kuraye da macizai. Aka tafa.

Kaka ta zungure ni. "Ƙawata, me ya ce?"

Na faɗa mata yadda ya faɗa, ban rage ko kalma ba.

"Kuraye?" in ji ta. "To kurayen ne suke noma dawar?"

Baba ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Haushinsa ya kama ni, na ji har da masu tafin ina jin haushi, musamman matar da ke gabanmu wadda awarwaronta ke ƙara duk lokacin da ta tafa.

Aka yi ta jawabai. Daga ƙarshe Shugaba ya dubi agogo ya juya Hausa. "Mama, ki yi mana haƙuri, lokaci ya ƙure, masu wuri na jira. Ki dai sa mana albarka a abinci."

Ashe iyakar matsayinta ke nan a wurinsu. Na ji kamar in kifar da teburin shinkafar.

Kaka ta dafa kafaɗata ta miƙe, aka miƙa mata makirufo. "Mu yi addu'a," ta ce. Kowa ya rufe ido, ban da ni.

"Ya Uba, kai ka san gonar wane ce. Ka san wanda ya share ta, ka san wanda ya ara. Ka san ɗorawar nan ta gidanmu ce, ka ga ranar da aka kore mu daga gindinta."

Shugaba ya buɗe ido ɗaya, ya yi wa mai kula da lasifika alama da yatsa. Na ga hannun mutumin ya murɗa wani abu, muryar Kaka ta ɗauke daga lasifikar. Kaka ta miƙo mini makirufon kamar wani ludayi da ta gama da shi, ta ci gaba da muryarta ta kiran mutane daga gona. Wa zai katse addu'a? Wa zai taɓa abinci ba a rufe ta ba? Ta ambaci 'yan matan tuluna ɗaya bayan ɗaya, kowacce da gidan ubanta, tururin shinkafa yana raguwa har ya daina tashi.

Da ta ce "cikin sunan Yesu", sai Baba ya ce "Amin" da ƙarfin da ban taɓa ji a bakinsa ba, wasu tsirarun mata suka bi shi. Na zuba wa Shugaba ido ina jiran in ji nasa Amin ɗin. Leɓensa bai motsa ba.