Adireshin Melusi

Maƙwabciyata Gogo MaNyathi ta tsufa tana sayar da tumatir a Bulawayo. Ɗanta Melusi ya tafi Johannesburg neman aiki tun ina budurwa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Amma kullum ta tuƙa tuwo sai ta rufe masa rabonsa.

Da jiki ya soma ƙi, ta ce za ta bar wasiyya. Na ambaci lauya, ta harare ni.

"Ke 'yar nan, lauya cewa zai yi in haƙura da yaron. Rubuta a wayarki, ita ba ta musu."

Na buɗe wani shafin rubuta wasiyya a wayar. Ta bar wa Melusi gidanta. Sai shafin ya nemi adireshin magaji, ya ƙi gaba.

Gogo ta daɗe tana kallon ƙofa.

"Rubuta yana hanya," ta ce.